Ordinatar Mai Kunyar Baƙo

Cikin ranakun da na yi ina aiki a biron ƙungiyarmu, wato ofishinmu, akwai guda da ba na jin za ta taɓa fita raina: ranar da Idirisa teknisiyan ya faɗo mana ba tare da ya bugo waya ba, ya tarar da ordinatarmu, wato kwamfuta, cikin rigarta. Ku da kuka zo aiki daga baya kun sha jin ana kirana Telan Ordinatar, ba ku san mafari ba. Gara ku ji daga bakina, don in Madam Zalika ce za ta ba ku labarin, sai ta ƙara gishiri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Illa. Ni ne palanto, wato mai buɗe biro da safe, mai shara, mai kai saƙo, mai dafa shayi in an yi baƙi. Ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya ce a ƙasar Buza, tana da rassa a ƙauyuka har wajen Deule da Tabotaki. A sama akwai Perzidan, Alhaji Attahiru, wanda 'yan ƙungiya suka zaɓa. Bayansa sai sakatariya, Madam Zalika, wadda duk rubuce-rubucen biro ke hannunta. Sai ni a ƙasa. Ba wanda ke ƙarƙashina sai tsintsiya.

Ban yi lakol, wato makarantar boko, ina yaro ba, kiwon awakin babana na yi. Sai da furfura ta fara leƙo mini a gemu na shiga ajin karatun manya da ake yi da la'asar a bayan kasuwa. Abin da ya kai ni shi ne kunya: a ba ka saƙo uku, ka fita, ka tsaya a bakin hanya kana roƙon mai wucewa ya duba maka wanne ne na wa. Kaina ba mai saurin ɗauka ba ne, wannan kowa ya shaida. Amma ina da haƙuri, kuma ban taɓa fashin aji ba.

Ordinatar ta zo mana bayan kaka, cikin sanyi, kyauta daga abokan hulɗar ƙungiya. Ba irin wadda ake sa wa a jaka ba ce, ta tebur ce: akwai allon da ake kallo, akwai farantin haruffa da ake dannawa, akwai ɗan abin nan da ake ja da hannu wanda suke kira suri, sannan akwai baƙin akwati a tsaye gefen tebur, wanda shi ne ainihin injin. Wutarta daga pano ne, mai ɗaukar hasken rana, da batir. Madam Zalika, Allah ya saka mata, ta ga yadda nake leƙenta in tana aiki, sai ta ce in ta tafi gida cin abinci bayan azahar, in zauna in koyi bugun haruffa. Har ta nuna mini wani darasi a ciki mai murya, wanda ke nuna kalmar Hausa ya karanta ta a fili.

Ba zan iya gaya muku daɗin da na ji ba. A takarda, rubutuna kamar kaji sun yi faɗa a kan yashi. A allon nan kuwa, harafin da na danna yana fitowa a miƙe, daidai da na Madam, ba mai iya cewa wannan na ɗan lakol ne wannan na palanto ne.

To, ga inda hankalina ya yi mini aiki. A gidajenmu ba a barin abu mai daraja tsirara. Keken ɗinki da rigarsa, rediyo da tasa, ko butar shayi mai kyau sai an yi mata mayafi. Sai na dubi baƙin akwatin nan a tsaye, ga huji-huji a gefensa da bayansa, na ce wa raina: ta nan ƙura da kyankyaso za su shiga su kashe mana ita. Na auna shi da igiya, na kai wa mai ɗakina Hajara, wadda ke taɓa ɗinki. Ta zage ta yi aiki. Koriyar atamfa, ninki biyu, da auduga a tsakani kamar bargo, da zare ja a gefe. Ta bar tsaga a gaba don maɓallin kunnawa, da ɗan rami a baya don wayoyi. Da na sa masa, ta zauna cif, ko iska ba ta samun wurin shiga. Wannan shi ne abin da na fi alfahari da shi.

Kowa ya yaba. Madam ta ce ta yi kyau. Perzidan ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Kai Illa, ko a Tawa ban ga wadda anka yi ma sutura awa wagga ba."

Sanyi ya wuce lafiya. Da bazara ta kama, sai ordinatar ta fara i'ina. Da safe ƙalau take. In rana ta ɗaga, sai kibiyar da ke allo ta daskare, ka ja suri ba ta motsi, can sai ta yi tsalle ta faɗa wani wuri. Madam ta buga layi guda, allo shiru, sai haruffan su zubo gaba ɗaya kamar tumaki sun fito daga garke. Ta yi aiki kaɗan, ta sake tsayawa. Haka har la'asar.

Ni kuwa lokacina shi ne tsakar rana, inda ciwon ya fi tsanani, amma ban san ciwo ba ne. In muryar darasin ta ce "tu-tu-tu-tunkiya," sai in ɗauka salon koyarwa ne da aka yi don masu nauyin kai irina. Har godiya nake yi mata a zuci, ina cewa wannan malamar ta fi ta ajinmu haƙuri. Rannan a aji aka ce in tashi in karanta. Na miƙe, na gyara murya, na ce, "Ra-ra-ra-raƙumi ya-ya-ya sha ruwa." Ajin ya kece da dariya. Wani maƙeri da muke zama benci ɗaya ya ce, "Illa, raƙumin ga bai gama shan ruwa ba har damina ta sauka." Malamarmu ta tambaye ni wa ya koya mini haka. Na ce da ƙarfina, "Ordinatar." A ranar na gane ba koyarwa take ba, wahala take sha.

Ga yadda ake yi in injin biro ya samu matsala. Sakatariya ta sanar da Perzidan, shi ya ba da izini, sannan a buga wa teknisiyan da ƙungiya ke hulɗa da shi. Namu Idirisa ne, yana da shago a Madawa, mutum mai fara'a da yawan ba'a. Shi zai faɗi ranar da zai zo, ya hau babur ya taho. Ni kuma aikina in shirya wuri.

Shiri kuwa na yi shi yadda aka koya mini a gida. Tun da sassafe na share, na yayyafa ruwa a ƙasa don ɗakin ya yi sanyi. Na buɗe tagogi duka biyu, har da wadda muke barinta a rufe saboda hayaniyar masu niƙa. Na shiga ɗakin Perzidan na ɗauko bantilatar, wato fankar nan ta tsaye guda ɗaya da muke da ita, na kafa ta daidai tebur don kada baƙo ya yi gumi. Sannan na tuɓe wa injin riga, na ninke, na sa a kabad. Ai likita ba ya duba mutum cikin babbar riga.

Idirisa ya zo, ya sha ruwa, ya zauna. Ordinatar ta yi ta aiki kamar sabuwa. Ya jira, ya buɗe wannan, ya rufe wancan, ko tari ba ta yi ba. Ya ce mai yiwuwa cuta ce irin wadda ke shiga ta kile, ɗan abin nan da ake sokawa a ɗauki takardu. Ya bincika, ya samu 'yan ƙanana, ya kashe su, ya hana a riƙa soka kile na kowa da kowa. Ya tafi. Na mayar da bantilatar, na rufe taga, na sa wa injin rigarsa. Washegari da hantsi i'ina ta dawo.

Zuwansa na biyu ya fi daɗewa. Ya auna wutar batir, lafiya. Ya canja suri, ya kwance akwatin ya hure shi, ya ciro wani siririn abu a ciki ya sa wani, wai shi ne ke riƙe aiki a ka. Daga ƙarshe ya kwashe takardun Madam gefe, ya wanke cikin injin kaf, ya sake zuba masa komai sabo. Duk tsawon yinin nan bantilatar na kaɗa shi da injin tare, ni kuma ina ta zuba shayi.

"Madam," in ji shi, "wagga ordinatar taku kunyar baƙo taka ji. In na zo sai ta natsu awa amarya."

"Ko kuwa ƙarya nika yi?" in ji Madam, ranta a ɓace.

"Ban ce ba. Amma ba ni iya gyaran abin da ban gani ba."

Da ciwon ya sake dawowa, Madam ta buga masa waya a gabana. Na ji yana tambaya ko injin na yin zafi. Ta ce, "Baba Illa, taɓa ka ji." Na ɗora tafin hannuna a kan rigar nan mai auduga, na saurara sosai kamar mai duba jinjiri, na ce, "Hwaɗa mashi lahiya lau, babu zahi ko kaɗan." Ta faɗa masa. Ya ce to ba zafi ba ne ke nan, ya cire wannan daga lissafi. Da hannuna na rufe masa ƙofar da ya kamata ya shiga.

Damina na matsowa, aikin biro ya taru, rahoton da abokan hulɗa ke jira bai fita ba. Sai magana ta fara yawo cewa injin lafiyarsa ƙalau har palanto ya fara taɓa shi. Wani ɗan kwamiti ya ce ya taɓa leƙowa ya gan ni ina danna harafi da ƙarfi kamar mai dasa albasa. Gaskiya ne, hannuna da nauyi. Perzidan ya kira ni ɗakinsa.

"Illa, kai mutumin kirki ne, amma kowa da aikinshi. Daga yau kada ka sake taɓa injin ga."

Na ce to. Aka yi kwanaki ban taɓa ko harafi ɗaya ba, shara kawai da gyara wa ordinatar riga, amma i'ina ba ta daina ba. Na ɗauka wannan zai wanke ni. Da na gwada faɗa, sai Perzidan ya ce, "Wanda ya tsaga tulu, ko ya tashi daga wurin, tulu bai barin yoyo." Ya ƙara da cewa a taron kwamiti mai zuwa zai kawo shawara a mayar da ni gadin magazar ƙungiya, wato ɗakin ajiyar kaya, da ke cikin kwari, a kawo wani palanto biro.

Albashi ɗaya ne, ba shi ya dame ni ba. Magazar nan tana da nisa da gari, kuma mai gadinta ba ya barin wurin da la'asar. Komawa can na nufin ba aji, ba allo, ba komai. A lokacin na fara haɗa kalmomi, na fara karanta allunan shaguna in ina tafiya. Na san kaina: in na ajiye karatu a wannan shekarun, ba zan sake ɗauka ba. Na yi ta tunani, har na fara yarda cewa yatsuna ne suka yi ɓarnar. Abin da na ga zan iya yi wa injin don neman gafara shi ne na ƙara ɗaure masa igiyar riga ta baya da kyau.

Ana saura kwana kaɗan taron, ranar kasuwa, aka aike ni kai saƙo. Na dawo rana tsaka, sai ga babur ɗin Idirisa a ƙofa. Ashe daga wani aiki yake a Keita, zafi ya dame shi, ya ratso ya sha ruwa. Kunya ta kama ni: baƙo a biro, ba yayyafi, taga a rufe, ba bantilatar. Na shiga da sauri. Yana tsaye bayan Madam, yana kallon kibiya tana daskarewa tana tsalle, fuskarsa cike da murna kamar maharbin da ya daɗe yana bin sawu.

"Sannu da zuwa, Malam Idirisa, yi haƙuri, ba mu san kana tahe ba," na ce, na durƙusa na fara kwance igiyar riga.

"Tsaya! Baba Illa, mi kaka yi?"

"Ina shirya maka ita."

Sai a lokacin ya sunkuya ya dubi gefen tebur. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga kore, mi ne ne?"

"Rigatta ce."

"Tun yaushe?"

"Tun cikin sanyi."

"In zan zo hwa?"

"Ai sai in tuɓe mata. In buɗe taga, in kawo maka bantilatar."

Ya zura hannu ta ƙarƙashin rigar, ya fizge shi da sauri yana yarfewa. Ya kama hannuna ya sa a wurin. Wallahi ƙarfen nan za a iya gasa masara a kai. Sai ya zauna a ƙasa dirshan, yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Baba Illa, ka kashe ni! Tahiya biyu daga Madawa! Ashe ba kunyata taka ji ba, iskata taka sha!"

Da ya natsu ya yi mana bayani. Hujin nan da na toshe, ta nan injin ke numfashi. Akwai 'yar fanka a ciki mai jawo iska mai sanyi ta fitar da mai zafi. In zafi ya yi masa yawa, shi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, ya ɗan huce, ya sake yunƙurawa, ya sake tsayawa. I'inar ke nan. Cikin sanyi ya jure. Da bazara ta haɗu da audugar Hajara, ya gaza.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya sa nake girmama shi. Bai tsaya ga zato ba. Ya ce a kira Perzidan. A gabansa ya tuɓe rigar, ya buɗe taga, aka jira injin ya huce, Madam ta yi ta bugu lafiya lau. Sannan ya ce in mayar da rigar yadda na saba, in rufe taga. Na mayar. Muka zauna mu huɗu muna kallon allo. Kafin shayi ya tafasa, kibiya ta daskare. Ya sake tuɓewa, ta sake warkewa.

Perzidan ya juyo ya dube ni. "To, ashe dai kai ne, Illa."

"Ni ne, Alhaji. Amma ba da yatsa ba."

"Da yatsa ko da allura, ɓarna ɓarna ce."

Na sunkuyar da kai, na fara hango hanyar kwari. Sai Madam Zalika ta ce, "Alhaji, in don riga za a kai shi magaza, sai a haɗa da ni, don kullum ƙahwata na taɓa ta ban ce komi ba. Kuma akwai wanda ya zagaya ta sau biyu yana cewa ko a Tawa babu irinta."

Perzidan ya yi gyaran murya, ya gyara hula. Idirisa ya ce shi ma da nasa, don ya yi ta tambayar injin bai taɓa tambayar mai shara yadda yake buɗe biro ba. Ya ƙara da cewa dannawa da ƙarfi ba ta kashe inji, iyaka ta gajiyar da mai dannawa.

"Shi ke nan," in ji Perzidan. "Zauna wurinka, ka ci gaba da karatunka. Amma hukunci guda: kai za ka mayar ma Hajara rigar ga, ka hwaɗa mata da bakinka."

Wannan hukuncin ya fi magaza wuya. Na kai mata da magariba, na yi ta kewaye-kewaye. Ta saurare ni har na gama, ta karɓi rigar, ta jujjuya ta, ta ce, "Wato zahi taka riƙewa?" Na ce ƙwarai. Ta ɗauko kular tuwo ta zura a ciki. Tun daga ranar, in na dawo daga aji komai daɗewa, tuwona da tururinsa nake samu. In na yaba sai ta ce, "Ɗinkina bai da laihi, malam. Mai awo ne bai san wa ya kamata a yi ma sutura ba."

Abin da nake so ku riƙe, ku sabbin palanto da masu kula da rassa, shi ne wannan. Mu mutane ne da aka rene mu da gyara gida kafin baƙo ya shigo. Hali ne mai kyau, kada ku bar shi. Amma mai gyara ba baƙo ba ne. Ciwo ya zo gani, kuma ciwo yana zaune ne cikin yadda muke yi kullum, ba cikin yadda muke yi ranar da ake kallonmu ba. In inji yana wahala a hannunku yana warkewa a hannunsa, kada ku ce aljanu, kada kuma ku nemi wanda ya fi kowa ƙanƙanta ku ɗora masa. Ku zauna ku tambayi kanku me kuke canjawa in zai zo. Kuma in ya ce ku taɓa ku ji, ku tabbata ƙarfe kuka taɓa.

Yanzu in an ce Idirisa na tafe, ba na shara, ba na yayyafi, ba na matsar da ko kujera. Ina tsayawa a ƙofa hannuna a baya, ina kallon biro yadda ya kwana, raina na sosuwa. Shayi kam ina kawo masa, mai kauri, yadda yake so. Amma sai bayan ya ga ɓarnarmu da idonsa.